Waifai na kyauta a Gusau: ina ake samu, kuma yaushe ya fi sayen data?

Tun da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, tambayar da ƙannena ɗalibai suka fi yi mini ita ce inda za su samu waifai na kyauta a cikin gari. Amsata kullum tana farawa da wata tambayar: me za ka yi da shi? Wanda zai sauke littattafan karatu da bidiyon darasi daban, wanda zai tura kuɗi ta banki daban.

Kada ka sa ran waifai a kan titi ko a tasha. Ko a Legas da Abuja, inda Google ya fara shirinsa na waifai kyauta mai suna Google Station a 2018, an rufe shi a 2020. Abin da ake kira kyauta a nan, intanet ne da wani ya biya, ya bar ka ka raɓa.

Na farko shi ne na makaranta. In kai ɗalibi ne a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Kwalejin Ilimi ta Fasaha, je ɗakin karatu ko sashen kwamfuta ka tambaya ko ana ba ɗalibai damar shiga, da sa'o'in da ake kunnawa. Inda aka samu, babu wanda ya kai shi, domin ka riga ka biya a cikin kuɗin makaranta. Aibinsa cunkoso ne. Layi ɗaya ne ake rabawa, idan mutum ɗari suka hau da hantsi sai ya koma tafiyar hawainiya. Ka sammaka, ko ka bari sai bayan la'asar.

Sai na otal da gidajen abinci. Wannan sunansa kawai kyauta. Ba za ka zauna awa biyu ba ka sayi ko lemo ba, ga kuɗin ɗan kabu-kabu zuwa da dawowa. Ka haɗa lissafin, sau da yawa ya zarce kuɗin gigabait ɗaya. Yana da amfani ne kawai ranar da kake da babban aiki, kamar sabunta manhajar kwamfuta ko sauke fayil mai gigabait uku ko huɗu.

Wanda na fi so, kuma na fi ba da shawara a kai, shi ne karo-karo tsakanin maƙwabta. Gida uku ko huɗu, ko ɗaliban da ke haya wuri ɗaya, su haɗa kuɗi su sayi ƙaramar na'urar raba intanet, wato MiFi ko rauta ta 4G, su riƙa sa mata data mai yawa ta wata-wata. Babban kunshi ya fi ƙanana sauƙi idan aka raba a kan kowane gigabait, kamar mai sayen buhu ne da mai awo da tiya. Amma kafin ku sayi na'urar, ku ari layin MTN, Airtel da Glo ku gwada a cikin ɗakin da za a ajiye ta, da safe da kuma bayan isha'i, domin sabis ɗin Tudun Wada ba lallai ya zama irin na Damba ba, kai ko a gida ɗaya ma zaure da ƙuryar ɗaki sukan bambanta. Ku tambayi mai shago ko na'urar a kulle take da layi ɗaya. Ku zaɓi mai batir, saboda ɗauke wuta. Sannan ku yi magana tun farko a kan kallon bidiyo, wanda shi ke raba zumunci: awa ɗaya a YouTube kan cinye kusan rabin gigabait, alhali saƙon rubutu na WhatsApp ba ya cin komai. Mutum ɗaya ya riƙe kalmar sirri, a riƙa canza ta duk wata.

Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ba ya buƙatar turken kamfanin waya. Duk wanda ya ga yadda aka katse layukan sadarwa a Zamfara a Satumban 2021, mutane na tsallakawa wasu jihohi don yin kira ɗaya, ya san darajar hakan. Sai dai kuɗin na'urar da na wata ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Na mai shagon kwamfuta ne ko ofis.

Akwai kuma datar dare da kamfanoni ke sayarwa da araha, wadda ke aiki daga tsakar dare zuwa asuba. Danna *312# ka duba abin da layinka ke da shi, *323# kuma ya nuna maka saura. Ga mai sauke manyan fayiloli, wannan kan fi zuwa otal sauƙi, kuma ba ka fita da dare ba, wanda a halin da ake ciki ba ƙaramin abu ba ne.

Abu ɗaya ne ba na sassauci a kansa. Waifai ɗin da ba ya neman kalmar sirri, kowa na iya hawa, kuma ɓata-gari na iya buɗe nasa ya sa masa sunan otal ɗin da kake zaune. Kada ka buɗe manhajar banki a kansa, kada ka rubuta lambar BVN ko NIN, kada ka sauke wata manhaja don wani shafi ya ce sai da ita za ka shiga. Tambayi ma'aikacin wurin ainihin sunan waifai ɗinsu. Idan lokacin tura kuɗi ya yi, kashe waifai ka kunna datar layinka, megabait kaɗan ne zai ci. Da ka tashi tafiya kuma, shiga saitin waya ka goge sunan wurin, don kada gobe ta haɗa kanta ba da saninka ba.