Gishirin LoSalt: wa zai amfana, wa zai cutu

Da ido ba ka bambanta LoSalt da gishirin gida. Wani kamfani ne a Sikotilan ke yin sa, kuma sulusinsa ne kawai gishirin da muka sani, sauran kashi biyun sinadarin fotasiyam ne. Wato cokali ɗaya nasa yana ɗauke da sulusin sodiyam ɗin da ke cikin cokalin gishiri, sodiyam ɗin nan kuwa shi ke rura hawan jini, ya gajiyar da zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, kusan cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ke ɓoye a burodi da dunƙule.

Akwai hujja a kan irin wannan gishiri. A 2021 aka fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, kan mutum kusan 21,000, masu hawan jini da suka manyanta da waɗanda suka taɓa shanyewar ɓarin jiki. Cikin kusan shekara biyar, shanyewar jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100 a wurin waɗanda aka sauya wa gishiri. Sai dai nasu rubu'insa ne fotasiyam, na LoSalt ya ninka haka fiye da sau biyu, don haka taka-tsantsan ɗinsa ya fi.

A tukunya yana da kyau. Miyar kuka ko taushe da ta ji daddawa, citta da tafarnuwa tana rufe ɗan ɗacin da ke tattare da shi. Inda yake tona kansa shi ne a yaji, ko in an barbaɗa wa dafaffen ƙwai: ɗacin yakan tsaya a bayan harshe. Mako biyun farko a gauraya shi rabi da rabi da gishirin gida har baki ya saba. A auna daidai yadda aka saba, kada a ƙara don an ji bai kama ba, nan ne mutane ke ɓata ribar. Haka in an jefa dunƙule uku a miyar, an yi aikin banza, domin kusan rabin kowane dunƙule gishiri ne. Kanwa ma sodiyam ce.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake saya wa tsofaffi shi ba tare da an tambayi likita ba. Ƙoda ce ke fitar da rarar fotasiyam. In ta yi rauni, sai ya taru a jini ya hargitsa bugun zuciya, har ya tsayar da ita, kuma sau da yawa ba alamar da za ta fara nunawa. Mai ciwon ƙoda kada ya taɓa shi. Mai shan lisinopril, losartan ko spironolactone sai an gwada ƙodarsa da fotasiyam ɗin jininsa tukuna, kuma magungunan hawan jinin da suka cika gidajenmu ke nan. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2025 ta amfani da irin wannan gishiri ba ta haɗa da masu ciki da yara ba, alhali tukunya ɗaya ake ci a gida.

Ya fi gishirin kasuwa tsada nesa ba kusa ba. A duba jikin robar kuma: akwai mai aidin, akwai marar shi, aidin ɗin kuwa shi ke hana maƙoƙo. Ga babba mai lafiyar ƙoda da likita ya amince masa, ya cancanci kuɗinsa, amma ba ya maye gurbin ƙwayar hawan jini.