Ra'ayina Kan Wasu Fina-finai da Na Kalla Kwanan Nan

A cikin 'yan makonnin nan na samu sararin kallon wasu fina-finai da aka daɗe ana ba ni labarinsu, wasu a Netflix, wasu kuma na karɓo su daga shagon masu tura fina-finai a waya. Ba dukkansu ne sababbi ba, kuma babu abin da ya haɗa su ta fuskar nau'i, domin akwai na tarihi, akwai na ban tsoro, akwai na faɗa, akwai kuma na iyali mai ɗan barkwanci. Abin da na riƙa dubawa a kowanne shi ne ko mai ba da umarni ya yarda cewa mai kallo yana da ido da hankali, ko kuwa yana ganin sai ya tauna masa komai ya zuba masa a baki kafin ya gane inda aka dosa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne The Boy Who Harnessed the Wind, wanda ya fito a 2019, kuma Chiwetel Ejiofor ne ya ba da umarninsa, ya kuma fito a matsayin uba a ciki. Labarin gaskiya ne na William Kamkwamba, wani yaro daga ƙauyen Wimbe da ke yankin Kasungu a ƙasar Malawi, wanda aka kora daga makaranta saboda iyayensa sun kasa biyan kuɗin karatu a lokacin yunwar da ta afka wa ƙasar a 2001 zuwa 2002. Duk wanda ya tashi a gidan manoma ba zai buƙaci a yi masa bayanin abin da ke faruwa ba. Da farko ruwa ya yi yawa ya lalata gonaki, daga baya sama ta ɗauke gaba ɗaya, masarar da aka samu ba ta taka kara ta karya ba, gidan ya koma cin abinci sau ɗaya a rana, kuma har sai da aka zauna aka tattauna wane lokaci ne ya fi dacewa a riƙa cin wannan abincin guda. Ba a sa wani ya tsaya gaban kyamara yana kuka yana lissafa wahalhalu ba. An dai nuna yadda kwanon abinci ke ƙara ƙanƙancewa, da yadda mutane ke turereniya a ƙofar ma'ajiyar hatsi ta gwamnati, da yadda karen yaron ke ramewa har ya kasa tashi.

Inda fim ɗin ya fi ƙarfi a wurina shi ne rigimar keke. Yaron ya lura da ɗan injin nan da ke gogar tayar keke ya ba fitila wuta, ya kuma karanta a wani littafi na ɗakin karatun makaranta cewa iska za ta iya yin aikin da ƙafa ke yi, saboda haka yana son a ba shi keken mahaifinsa ya yanka shi ya haɗa da farfela da tsohon batir, don ya tayar da famfon da zai jawo ruwa daga rijiya a yi noman rani. Uban ya ƙi, kuma fim ɗin bai mai da shi mugu ko jahili saboda wannan ƙin ba. Keken nan shi ne kaɗai abin da ya rage masa mai daraja, kuma ana neman ya sadaukar da shi ne bisa maganar yaro ɗan shekara 14 wanda ko kammala makaranta bai yi ba. Ina ganin magidanta da yawa a wurinsa abin da za su yi ke nan. Akwai dai abubuwa biyu da ya kamata mai kallo ya sani. Na farko, an ɗan sauya tarihin, domin a zahiri injin farko da William ya haɗa fitilu da rediyo ya kunna a gidansu, maganar ban ruwa daga baya ta zo. Na biyu, rabin farko yana tafiya a hankali sosai, kuma da yake ana yawan magana da harshen Chichewa, dole mutum ya riƙa bin fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto, abin da ke da ɗan wuya a kan ƙaramar waya.

Na biyu a wurina shi ne 12th Fail, fim ɗin Indiya na 2023 wanda Vidhu Vinod Chopra ya shirya, Vikrant Massey kuma ya fito a matsayin Manoj Kumar Sharma, mutumin da ya faɗi jarrabawar kammala sakandare amma daga baya ya zama babban jami'in 'yan sanda. Wanda ya saba da fina-finan Indiya na raye-raye a kan tsauni zai yi mamaki, domin babu wannan a nan. Labarin ya fara ne a yankin Chambal, a wata makaranta inda malamai da kansu ke rubuta wa ɗalibai amsa a kan allo ranar jarrabawa, kuma kowa ya ɗauki hakan a matsayin taimako. Shekarar da wani jami'in 'yan sanda mai gaskiya ya zo ya hana, ɗaliban suka zube. Ban ga buƙatar in tsaya bayanin dalilin da ya sa wannan farkon ya taɓa ni ba, tunda mu ma mun san cibiyoyin jarrabawar da iyaye ke biyan kuɗi na musamman don a kai 'ya'yansu.

Daga nan Manoj ya nufi Delhi, unguwar Mukherjee Nagar inda matasa ke cincirindo suna shirin jarrabawar shiga manyan ayyukan gwamnati, ya yi aikin share ɗakin karatu, daga baya ya koma aiki a injin niƙa, yana kwana a wurin, gari ya rufe masa gashi da gira, littafi kuma a buɗe a gefensa. Abin da ya fi burge ni ma ba nasararsa ba ce, yadda aka ba waɗanda ba su yi nasara ba haƙƙinsu ne. Akwai wani da ya ƙare dukkan damarsa ta zama jarrabawar bai ci ba, sai ya buɗe teburin shayi yana koyar da na baya kyauta, kuma wannan mutumin ya fi jarumin kansa zama a zuciyata. Raunin fim ɗin shi ne a wasu wurare yana komawa wa'azi, ana maimaita darasin gaskiya da riƙon amana da baki bayan an riga an nuna shi a aikace, sannan muryar abokin Manoj da ke ba da labari tana shigowa a wuraren da hoto ya isa. Duk da haka fim ne da za a iya kallo da matasan gida ba tare da an riƙa neman abin sauya tasha ba.

RRR na S. S. Rajamouli, wanda ya fito a 2022, wata duniya ce daban. An ɗauko sunayen mutane biyu da suka yi gwagwarmaya a zamanin mulkin Turawan Ingila, Alluri Sitarama Raju da Komaram Bheem, aka ƙirƙira musu abota a wajajen 1920, sannan aka saki linzami. Mutum ɗaya yana kutsawa cikin dubban masu zanga-zanga ya fito da wanda yake nema, wani kuma yana dirowa daga mota tare da damisa da sauran namun daji a tsakiyar liyafar gwamna. Babu wanda zai nemi hankali a nan, kuma fim ɗin bai yi alkawarinsa ba, saboda haka na ji daɗinsa a yadda yake, musamman rawar Naatu Naatu da ta ci kyautar Oscar ta waƙa a 2023, wadda aka ɗauka a gaban fadar shugaban ƙasar Yukren. Ya wuce awa uku, kuma ƙarshensa ya yi tsawon da ba shi da dalili. Wanda na fara samu mai fassarar Hausa ne, kuma a nan nake da ƙorafi. Masu fassarar gwanaye ne wajen sa dariya, amma ba sa barin daƙiƙa ɗaya ta wuce ba magana, har a wurin da ake yi wa Bheem bulala a bainar jama'a, inda ya kamata jikin mutum ya yi sanyi, sai ga zolaya ta shigo. Na san wannan salon ne ya sa fassarar ta karɓu a wurin jama'a, amma ga wanda ke son ya ji nauyin labari, gara ya nemi na asali.

Oppenheimer na Christopher Nolan shi ne mafi girman suna a cikinsu, domin ya kwashi kyaututtukan Oscar 7 a 2024, har da na gwarzon fim, da na gwarzon jarumi ga Cillian Murphy. Labarin Robert Oppenheimer ne, masanin kimiyyar da ya jagoranci haɗa bam ɗin nukiliya na farko a Los Alamos da ke jihar New Mexico ta Amurka, da yadda gwamnatin da ya yi wa aiki ta juya masa baya a 1954. Wurin gwajin bam ɗin, wanda aka yi ranar 16 ga Yuli, 1945, ya cancanci duk yabon da ake yi masa. Haske ya tashi, sauti ya ɗauke gaba ɗaya, ba a jin komai sai numfashin mutanen da ke kallo, sai bayan wani lokaci ƙarar ta iso, kamar yadda take a zahiri tunda haske ya fi sauti sauri. Sai dai wannan hikimar ba ta bi sauran fim ɗin ba. Awa uku ne cur, mafi yawansu maza ne a ɗaki suna musayar magana da sauri, kiɗa yana danne muryoyinsu, ana tsalle daga wannan shekara zuwa waccan, sunayen masana kuma suna ta zubowa har mutum ya rasa wane ne wane. Awar ƙarshe ta tafi ne a kan rikicinsa da Lewis Strauss, wani babban jami'in gwamnati, da zaman Majalisar Dattawan Amurka na 1959 kan ba Strauss kujerar minista, kuma duk da ƙwarewar Robert Downey Jr. a matsayin Strauss, na kasa damuwa da ko wani zai samu kujerar minista bayan an riga an jefa bam a Hiroshima da Nagasaki. Mutanen garuruwan nan biyu ba a nuna su ba ko sau ɗaya. Na fahimci hujjar cewa ana bin abin da idon Oppenheimer ya gani ne kawai, amma hujjar ba ta gamsar da ni ba. Ya kamata kuma a sani cewa akwai wuraren tsiraici a ciki, don haka ba na zaman falo da iyali ba ne.

Ban cika son fina-finan ban tsoro ba, amma A Quiet Place na 2018 ya riƙe ni daga farko har ƙarshe cikin minti 90 kacal. Wasu halittu ne makafi da ke farautar duk abin da ya yi ƙara, sai wani iyali suka koma rayuwa ba magana, suna tafiya ba takalmi a kan yashin da suka shimfiɗa a hanya, suna fahimtar juna da alamun hannu irin na kurame. Yarinyar da ta fito a matsayin kurma, Millicent Simmonds, kurma ce a zahiri, kuma duk lokacin da aka koma ɓangarenta sai a ɗauke sauti, mai kallo ya shiga halin da take ciki. Ƙusa guda da ta fito a kan matakala ta fi dodannin kansu tayar mini da hankali, domin an nuna ta tun da wuri, aka bar mutum yana jiran ƙafar da za ta taka. Akwai tambayoyin da labarin bai amsa ba, kamar dalilin da ya hana su komawa kusa da inda ruwa ke zubowa daga dutse da ƙara, tunda uban da kansa ya nuna cewa a can ana iya ɗaga murya. Shawarata ita ce a kalle shi da abin saƙalawa a kunne, domin idan janareton maƙwabta yana aiki, rabin aikin da aka yi a fim ɗin ya tafi a banza.

Na rufe da Lionheart na Genevieve Nnaji, wanda na makara ban kalla ba tun fitowarsa a 2018. Labarin Adaeze ne, wadda ke ƙoƙarin ceto kamfanin sufurin mahaifinta a Inugu daga bashi, tare da baffanta da Nkem Owoh ya fito a matsayinsa, kuma shi ne ke ɗauke da kusan duk dariyar da ke ciki. Labarin ba shi da zurfi, ana hango ƙarshensa tun daga tsakiya, kuma matsalar bashin ta warware cikin sauƙin da ba a samu a kasuwanci na gaske. Abin da ya faranta mini rai shi ne yadda aka fito da Bahaushe. Sani Mu'azu ya fito a matsayin attajirin Kano mai kamfanin motoci, Yakubu Mohammed kuma ɗansa, mutane masu natsuwa da sanin ya kamata, ba maigadi mai gurɓataccen Turanci da aka saba liƙa mana a fina-finan kudu ba. Shi ne fim ɗin da Najeriya ta fara aikawa gasar Oscar, aka kuma cire shi a 2019 saboda Turancin da ke ciki ya rinjayi harshen Ibo nesa ba kusa ba. Bayan na kalla na ga cewa ko da ba a cire shi ba da wuya ya yi nisa a gasar, amma wurin cin abincin iyali, inda kowa ya saki jiki yana magana da Ibo ana tsokanar juna kan maganar aure, ya fi duk wuraren taron ofis da aka yi da Turanci rai, kuma da an ƙara irinsa da fim ɗin ya fi haka.