Shagon da ya zana min tambarin masarautar littafina, ga yadda aikinsu yake

'Yan uwa marubuta, musamman masu labarin sarauta, wannan bayanin naku ne. Tunda na saka bangon sabon littafina ake ta tambayata a WhatsApp wai wa ya zana tambarin da ke jiki, to gara na yi bayani gaba ɗaya har da inda ba su burge ni ba. Ɗan shago ne a wajen titin gidan Zoo a Kano, cikin layukan nan da masu firintin da masu haɗa fosta suka cika, mutum biyu ne a ciki, mai zanen da yaronsa da ke kan inji. Aikinsu na kullum katin biki ne da bana da sitika da bajon makarantu, amma mai shagon yana da sanin kayan sarauta sosai, kuma a nan ya yi wa maƙwabtansa nisa.

Masarautar labarina ƙirƙirarriya ce, Tsaunin Shuni sunanta, garin marina ne da mahaya doki, da gidajen sarauta uku da ke ta rigima a kan karaga. Ina son babban tambari na masarautar, sannan kowane gida da alamarsa. Duk wanda ya taɓa ba da irin aikin nan a garin nan ya san abin da ake miƙo masa, zaki biyu a tsaye, kambin Ingila a sama, takubba a gicciye, a zuba ruwan gwal shikenan an gama. Abin nan yana min ciwo wallahi, dan Allah wane sarkin ne a ƙasar Hausa ya taɓa ɗora kambi a ka? Rawani ake naɗawa, alkyabba ake yafawa, a ba shi sanda.

Shi wannan bawan Allahn bai ko taɓa kwamfuta ba da farko, biro ya ɗauko da takarda ya hau yi min tambayoyi, Hajiya wa ya kafa garin, da me suke ci, me suke tsoro, da me sarkin farko ya karɓi mulki, akwai kogi ko rijiya suke sha. Ya ce kowace masarauta ta gaske tana da abin da in an gani an san ita ce, Katsina da takobinta Gajere, Daura da rijiyar Kusugu da takobin Bayajidda, Kano ga tagwayen masu ga takalmin gashin jimina, wanda tarihi ke cewa tun zamanin Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 aka fara shi tare da kakaki da figini (maficin gashin jimina). To ke taki masarautar me take da shi? Tambayar nan sai da ta ƙara min babi guda a littafin.

Abin da ya ƙara masa daraja a idona shi ne ƙin da ya yi ya saka min tagwayen masu da rawani mai kunne biyu. Ya ce waɗannan suna da masu su, kuma a labarinki akwai mugun sarki, in kika ɗora masa kayan gidan Dabo, wato gidan sarautar Kano, mutane za su fassara shi yadda ba ki nufa ba. Dagin Arewa ma da kowa ke mannawa a komai cewa ya yi a bar shi, don shi Arewa gaba ɗaya yake nunawa, ba zai bambanta garina da na kowa ba. Wani mai dizain ɗin ko a jikinsa, in dai za ka biya zai manna maka.

Kuma ba wai bai san tsarin Turawa ba ne, ya sani tsaf. Su can abin ya samo asali ne wajen ƙarni na 12, lokacin da mayaƙansu ke rufe jiki da sulke da kwalkwali, sai kowa ya zana alamarsa a jikin garkuwa, daga baya ya zama gado daga uba zuwa ɗa, har a Landan akwai hukumar da ke kula da rajistar irin waɗannan tambura tun 1484 kuma tana nan har yau. Doka ɗaya ya ɗauko daga gurinsu ya ce ita kam ba ya tsallake ta: fari da rawaya ana lissafa su azurfa da zinare ne, ba a ɗora ɗaya a kan ɗaya, haka ja da baƙi da kore da shuɗi ba a ɗora su a kan juna, sai dai mai haske a kan mai duhu ko mai duhu a kan mai haske. Ya nuna min tambarin Najeriya, baƙar garkuwa da farin layin nan da ya rabu biyu na Neja da Binuwai, shi ya sa ko daga nesa kana gane shi. Da ya rage nawa ya koma ɗan mitsitsi kamar yadda zai fito a waya sai ga komai raɗau.

Ga abin da ya fitar. Garkuwar zagayayya ce irin ta fata tamu, launin shuni mai duhu kamar turkuɗin da ya fito daga marinar Ƙofar Mata, farin tsauni a tsakiya, a ƙasansa da'ira uku farare su ne rijiyoyin rini kuma su ne gidajen uku. Dawakai biyu sanye da lifidi suna riƙe da ita dama da hagu, a sama laimar sarki, gefen kuma ya zagaye shi da aska irin ta aikin babbar riga. Inda Turawa ke rubuta takensu da Latin ya ce mu ai kirari muke da shi, muka saka "Tsauni ba ka gudu, shuni ba ka koɗewa". Gidajen uku duk garkuwa ɗaya suke amfani da ita, sai ƙaramar alama da ta raba su, babban gida kakaki, na mayaƙa likkafa, na ƙanin sarki jinjirin wata, wai a Ingila ma da jinjirin wata ake gane ɗa na biyu. Tutar kuma fara ce sol da rubutu kaɗan, irin yanayin tutocin da Shehu Usmanu ya ba wa masu jihadi, amma ya hana a saka aya ko sunan Allah tunda za a buga sitika kuma sitika a ƙasa take ƙarewa. Allah ya saka masa da alheri a kan wannan.

Yanzu inda suka gaza. Alƙawari dai sai haƙuri, ranar da aka ce ka zo ba ranar za ka karɓa ba, yau babu wuta gobe janareta ya lalace jibi an kawo aikin biki na gaggawa, kuma ba za su kira ka su faɗa maka ba sai ka sha rana ka je. Ajamin kirarin da suka buga da kwamfuta haruffan a warwatse suka fito ba su haɗu ba, yaron bai ma lura ba, sai gurin wani malamin allo na kai ya rubuta da tawada da alƙalami aka ɗauki hotonsa aka saka, kuma ya fi kyau nesa ba kusa ba. Kala ma matsala ce, shunin da na gani a kwamfuta daban, wanda ya fito a jikin banar da aka buga ya tafi wajen ruwan goro da ja-ja, don haka ku ce a buga muku ɗan gwaji tukunna kafin babba. Fuskar dawakan ma ba ta kai sauran aikin ba, da gani ka san ba a nan hannunsa ya fi faɗawa ba.

Kuɗinsa ya ɗara na masu logo na bakin titi, ni dai ban ga tsadarsa ba, amma ku yi magana tun farko a kan gyara sau nawa ne a cikin kuɗin, kuma ku ce a ba ku fayil ɗin da ba ya fashewa in an ƙara masa girma da wanda ba shi da bango a baya, in ba haka ba hoto kawai za a turo muku, in kun dawo nema a sake cajin ku. Ba sa ɗinki, in kana son tambarin a jikin hula ko tutar yadi sai ka kai wa masu aikin kwamfuta, kuma ƙananan layukan lifidin nan ba sa fitowa a zare, sai ya rage muku su.

Wanda yake sauri yana son bango gobe da safe, nan ba gurinsa ba ne. Amma marubuci ko mai shirya fim ko wasan daɓe na makaranta da yake son masarautarsa ta yi kama da ta gaske, ya je da tarihin garin nasa a rubuce ko shafi ɗaya ne, kuma ya je da hantsi kafin masu katin biki su cika shagon.