Hoto ya fito tas, amma muryar Baba ta makara

Kaset ne na VHS, na walimar saukar Alƙur'anin yayana a 1997. Shi kaɗai ne abin da muke da shi wanda Baba yake motsi yana magana a ciki, Allah ya jiƙansa. Ya yi shekaru a ƙasan adakar Hajiya. Na kai shi ɗaya daga cikin shagunan nan masu juya kaset zuwa filashi, kun dai san su, kun san abin da suke karɓa. Ranar da na je ɗauka yaron shagon ya kunna mini minti biyun farko, wallahi na ji daɗi. Launi ya fito, har aikin hular Baba ana gani. Na biya, na ƙara masa na ruwa.

Bayan isha'i muka taru a falo, har da jikokin da ba su taɓa ganinsa ba. Da farko lafiya lau. Wajen minti ashirin na lura baki na riga murya kaɗan, na yi shiru. Da aka zo inda Baba ya miƙe zai yi nasiha, can wajen awa ɗaya, sai ga bakinsa yana motsi amma muryar alaramma ce ke fita. Ya gama, ya zauna, an juya kyamara kan masu rabon abinci, sannan muka ji shi yana cewa Allah ya yi muku albarka. Na ƙirga, sakan bakwai ne tsakani. Hajiya ba ta ce uffan ba, ta tashi ta shige ɗaki. Wannan tashin nata ne ya fi ƙona mini rai, ba kuɗin ba.

Ɗan ƙanwata mai karatun kwamfuta ya gwada gyarawa a VLC, wata manhajar kallon bidiyo a kwamfuta, inda ake danna J ko K murya ta matsa gaba ko baya da milisakan 50. In ya daidaita ƙarshe sai farko ya lalace. Shi ne ya yi mini bayani: kaset ɗinmu na nan tsarin PAL ne, hoto 25 a kowane sakan. Duk inda zaren ya lanƙwashe ko ya goge, ƙaramar na'urar USB da suke haɗawa da kwamfuta sai ta zubar da hotunan wurin, sauti kuwa yana tafiya abinsa. Hoto 25 ya zube, sakan ɗaya ya tafi. Namu ke nan kusan hoto 175 suka zube, a warwatse. Ya ce akwai na'urar da ake kira TBC mai daidaita siginar kafin ta shiga kwamfuta, masu aikin gaske da ita suke yi.

Washegari na koma. Yaron ya ce, "Alhaji, ai kaset ɗin ne ya tsufa." Na ce, "Malam, da sabo ne me zai kawo ni wurinku?" Mai shagon dai, in faɗi gaskiya, mutum ne. Ya ba ni haƙuri, ya ce zai yi da hannunsa a wani injin. Bayan kwana uku na karɓa, na duba farko, tsakiya da ƙarshe a gabansa, ina kallon leɓe wajen "bismillah" da "amin", inda baki ke rufewa. Ya zauna daram. Har na yi niyyar tura musu 'yan uwa.

To amma sai da ya karɓi rabin kuɗi kuma, a kan kuskuren da ba nawa ba. Da na isa gida na ɗaga murfin kaset ɗin, sai ga zaren an haɗa shi da salatif. Inji ya tauna, sun yanke, ba wanda ya gaya mini. Wurin da aka yanke shi ne daidai inda Baba ya ɗora hannu a kan yayana. A sabon juyin babu shi. Yana cikin na farkon ne kawai, mai muryar da ta makara, shi ya sa na kwafe shi a waya da kwamfuta, na hana kowa gogewa.