Mankozeb 80 WP a lambunan albasa da tumatir na jihar Tawa: inda yake biya da inda kuɗi ke zubewa

Da wuya mutum ya shiga shagon magungunan gona daga Tsarnawa zuwa Galmi da Madawa bai tarar da garin nan mai launin rawaya ba. Sunayen kasuwarsa suna da yawa, tsohon cikinsu shi ne Dithane M-45, amma abin dubawa a jikin leda shi ne sunan sinadarin, wanda da Faransanci ake rubuta shi mancozèbe. Lamba 80 na nufin a kowane kilo akwai giram 800 na ainihin maganin, WP kuma gari ne da ake damawa da ruwa. Maganin fumfuna ne mai kyau kuma mai araha, amma aikinsa ƙayyadadde ne, kuma yawancin wanda ake fesawa a lambunanmu da rani ba a kan cutarsa yake sauka ba.

Mankozeb ɗan gidan sinadaran da ake kira ditiyokarbamet ne. Ƴan'uwansa su ne tiram, wanda aka yi wa rajista a Amurka tun 1948, da zineb da maneb da metam. Shi kansa mankozeb, kamfanin Rohm and Haas ne ya fito da shi kasuwa a farkon shekarun 1960. Ba gona kaɗai ke cin wannan dangi ba. Masana'antun taya da safar hannu suna amfani da su wajen gasa roba ta yi ƙarfi, masu haƙar ma'adinai suna ware ƙarfe daga dutse da su, ana kuma tace gubar ƙarfe daga ruwan masana'antu da su. Yau manyan masu sarrafa mankozeb suna Indiya, irin su UPL da Indofil da Coromandel, sai wasu a Sin. Babban mai saye kuwa Barazil ce, saboda cutar tsatsar waken soya, sai ƙasashe masu gonakin ayaba da dankalin turawa. Shi ya sa farashin leda a Ƙwanni bai rataya ga buƙatar manomin kwarin Maggiya ba: idan Barazil ta buɗe baki, ko kuɗin jirgin ruwa ya hau, ko iyaka ta rufe, mu ƙananan masu saye ne ke fara jin jiki.

Maganin fumfuna ne, kuma ba ya shiga cikin jikin shuka. A bayan ganye yake kwanciya, ya kashe ƙwayar cutar lokacin da take tsirowa, kafin ta huda. Kamar yaɓen katanga ne, kafin ruwa ake yin sa. Tabon da ya riga ya fito ba zai goge ba, kuma sabon ganyen da ya fito bayan feshi ba shi da kariya ko kaɗan, don haka ake maimaitawa bayan kwana 7 zuwa 10 muddin yanayin cutar na nan. Babbar falalarsa ita ce yana bugun fumfuna ta wurare da dama a lokaci guda, saboda haka fiye da shekara 60 ana fesa shi amma cututtuka ba su saba da shi ba yadda suke saba wa sababbin magunguna masu tsada. Dalilin ke nan da ake haɗa shi da wasu a leda ɗaya, kamar Ridomil Gold MZ 68, mai kashi 64 cikin ɗari na mankozeb da kashi 4 na metalaksil-M mai shiga jikin shuka.

A albasa yana tare tabon nan mai launin shunayya da ke farawa fari, ya faɗaɗa da zobe-zobe har ganye ya karye, da cutar da ke sa ganye ya yi toka-toka da safe in an yi raɓa. A tumatir da dankalin turawa yana tare baƙin tabo mai zobe da ke farawa daga ganyen ƙasa. Duk waɗannan laima suke so. Lokacinsa na gaskiya a nan shi ne renon irin albasa na ƙarshen damina, da albasar damina, da lambun da ke cikin kwari inda raɓa ke daɗewa a kan ganye.

Ga inda asara take. Daga Janairu zuwa Maris, iska ta bushe, abin da ke farar da ganyen albasar Galmi ya ƙone daga kai galibi ƙananan ƙwarin nan ne masu ɓuya a wuyan shuka, waɗanda malaman gona ke kira tirips. A buɗe tsakanin ganyayen ciki a duba, za a gan su suna gudu, ganyen kuma ya yi zane-zanen azurfa. Mankozeb ba ya kashe su. Ba ya taɓa jan gizon tumatir, ko tsutsar da ke haƙa cikin ganye da ƴaƴa, ko murɗewar ganyen da farin ƙuda ke kawowa. Cutar da ke cikin ƙasa, irin jan saiwar albasa da ruɓewar gindi, feshin ganye ba ya kai mata. Maganinta sauya shuka da gyara ban-ruwa. Baƙar fumfunar da ke cin albasa a rudu ma ba tasa ba ce, busarwa da kyau da iska ne ke rage ta. Abin da ke ruɗar mutane shi ne garin yana ɗauke da manganis da zink, sai ganye ya ɗan ƙara kore bayan feshi, mai lambu ya ɗauka ya warke, ƙwari kuwa suna nan suna ci.

Awo shi ne inda aka fi kuskure. Ma'aunin da aka saba rubutawa shi ne kilo 2 zuwa 2.5 a hekta, amma manomi da famfon goyo yake aiki. A auna fili mai mita 10 a kan mita 10, a fesa shi da ruwa zalla da irin tafiyar da aka saba, a duba lita nawa suka tafi. In lita 4 ne, hekta za ta sha lita 400. Kilo 2 a lita 400 ya zama giram 5 a kowace lita, wato giram 75 a famfo mai lita 15, giram 80 a mai lita 16. Wanda hannunsa ya fi sakin ruwa sai ya rage giram, mai saurin tafiya ya ƙara. Kwalin ashana da gwangwanin tumatir ba ma'auni ba ne sai an taɓa ɗora su a sikeli an san abin da suke ɗauka. In rubutun jikin leda ya saɓa da wannan lissafi, shi za a bi.

Garin ba ya narkewa, yawo yake cikin ruwa. A fara dama shi a ƙaramin bokiti da ruwa kaɗan har gudaji su mutu, a zuba ruwa rabin famfo, a tace damun ta rariyar bakin famfo, a cika. A riƙa girgizawa ana tafiya, in ba haka ba fangulan farko su sha kauri na ƙarshe su sha ruwan banza, bakin famfo kuma ya toshe. Abin da aka dama a ƙarar da shi ranar. Ruwa mai kanwa-kanwa, ko haɗa shi da toka ko farar ƙasa, yana lalata shi da sauri. Ganyen albasa na da santsi, ɗigon ruwa gangarewa yake, saboda haka ana son bakin famfo mai fitar da feshi kamar hazo, da ɗan sinadarin mannewa in ana samu. A fesa da safe bayan raɓa ta ɗauke, ko da la'asar sakaliya in iska ta kwanta, kada a bi shi da ban-ruwa ta sama.

Maganar lafiya ba ta wasa ba ce, ko da yake ba ya kayar da mutum nan take kamar wasu magungunan ƙwari. Idan ya lalace yana komawa wani sinadari mai suna ETU, wanda ke taɓa ƙullutun maƙogwaro, wanda in ya kumbura ake ce masa maƙoƙo, kuma ana tsoronsa ga ɗan tayi. A ƙarshen 2020 Tarayyar Turai ta ƙi sabunta masa izini a kan irin waɗannan dalilai, bayan ta yi wa tiram haka a 2018. Mace mai ciki kada ta dama, kada ta fesa, kada ta wanke kayan feshi. Lokacin damawa ne ƙura ta fi shiga hanci, a nan takunkumi da safar hannu suka fi zama dole. Yana sa ƙaiƙayin fata, yana kashe kifi, don haka ba a wanke famfo a bakin tafki irin na Tabalak ko kusa da rijiyar lambu. A kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshin ƙarshe da tsinka, musamman tumatir, kuma a tuna ganyen albasarmu ana daka shi a yi gabu, mutane ne za su ci.

Wajen saye, a nemi leda rufaffiya daga kamfani, mai ranar ƙerawa da lambar izinin kwamitin CSP na ƙungiyar CILSS, wanda ke tantance magungunan gona na ƙasashen Sahel daga Bamako. Ma'aikatan kare tsirrai na jiha da cibiyar RECA, mai haɗa majalisun manoma na Nijar, suna da jerin waɗanda aka amince da su. Garin da aka ƙulla a farar leda ana sayarwa cokali-cokali ba shi da tabbas, ba a san shekarunsa ba balle abin da aka gauraya masa. Zafi da laima ne maƙiyan mankozeb: wanda ya kwana biyu ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, ko ya sha laimar Agusta, zai dunƙule, launinsa ya dushe, warinsa ya yi ƙarfi, ƙarfinsa ya tafi gubarsa ta ƙaru. Buhunan da suka jiƙe a ma'aji suna iya ɗaukar zafi har su kama wuta, saboda haka mai shago ya ɗora su a kan katako, nesa da bango da wuta da kayan abinci, mai lambu kuma ya sayi daidai abin da zai ƙare a shekarar.