Taurari biyar a waya ba sa leƙa ƙarƙashin mota

Duk mai shirin sayen mota a Accra yanzu, kafin ya taka garejin da ke Achimota, Tesano, Lapaz ko hanyar Spintex, sai ya buɗe waya ya ga abin da mutane suka rubuta a kansa. Hakan ba laifi ba ne, muddin ba a ɗora wa sharhin kayan da ya fi ƙarfinsa ba. A ganinmu, sharhin masu saye yana iya nuna maka halin mai gareji, amma lafiyar motar da za ka biya wa kuɗi, wannan kam kusan bai san komai a kai ba.

Babban dalili shi ne lokacin da ake rubuta shi. Akasarin yabon ranar karɓar makulli ake yinsa: an wanke mota tana ƙyalli, an ɗauki hoto, yaron gareji na gefe yana cewa, "Alhaji, a taimaka mana da taurari biyar mana." Wa zai ƙi a irin wannan rana? Alhali cutar motar da ta yi hatsari ko ta sha ambaliya ba ta fitowa a makon farko. Giya nau'in CVT, wadda ke cikin Nissan da yawa da akasarin Corolla ta Amurka daga 2014, tana iya yin lafiya lau a zagayen unguwa, sai an miƙa hanyar Kumasi ta ɗauki zafi sannan ta fara fizga. Motar ruwa kuwa tsatsa ce ke cin mahaɗar wayoyinta sannu a hankali, sai bayan watanni gilashi ya ƙi sauka, fitilun dashbod su riƙa kamawa ba dalili. Kafin nan an daɗe da ba da taurari, kuma ba kowa ke komawa ya gyara abin da ya rubuta ba.

Ga kuma yadda kasuwar take. Gareji guda na iya ɗauke da motocin mutum goma: wani ɗan'uwansa ne ya turo daga Amurka, wani shi ya fanso a tashar Tema ya kawo ajiya, mai gareji la'adarsa kawai yake jira. Wanda ya yabi wurin bara wataƙila motar mutumin kirki ya dace da ita, taka kuma ta wani ce dabam. Dillalai ma sukan ɗauki hoton mota ɗaya su watsa da farashi uku. To sharhin wa za ka karanta? Manyan wakilai masu sayar da sababbi, irin su Toyota Ghana da Japan Motors, nasu lissafin dabam ne, don can kamfani ɗaya ne ke sayarwa kuma shi ke ba da garanti, saboda haka abin da aka rubuta kan gyara da jiran kayan gyara ya fi kusa da abin da za ka tarar.

Mu ma 'yan zango muna da hannu a ciki. Wanda aka cuta a Nima ko Madina ba ya zama ya rubuta ƙorafi da Turanci a intanet. Wajen wanda ya haɗa cinikin zai kai ƙara, ko wajen liman ko wani dattijo, a ce masa ya yi haƙuri ya rufa wa mutum asiri. In ya fusata ƙwarai ya aika saƙon murya a WhatsApp, wanda baƙo ba zai taɓa ji ba. Rashin kuka a shafin gareji ba shaida ce ta cewa ba a yi kukan ba.

Cikin dandalin da ake dubawa, Google Maps ya fi sauran amfani, saboda mai gareji ba shi da ikon goge sharhi da kansa, iyakarsa ya kai ƙara ko ya ba da amsa. Sai dai Google ba ya neman rasit, kowa na iya rubutawa ko bai taɓa sayen ko taya a wurin ba, kuma kamfanin da kansa ya ce ya toshe ko ya cire sharhi sama da miliyan 170 a shekarar 2023 saboda saɓa ƙa'ida. Facebook ya fi rauni, mai shafi na iya rufe sashen sharhin gaba ɗaya. Abin da ke ƙarƙashin bidiyon TikTok da Instagram kada ma ka sa shi a lissafi, mai shago ke share wanda bai yi masa daɗi ba. A Jiji, shafin saye da sayarwa na intanet, kuma a bambance ra'ayin masu saye da tambarin da ke nuna mutum ya biya kuɗin talla, domin na biyun aljihu yake nunawa, ba amana ba.

In za ka karanta na Google, kada ka tsaya kan jimillar maki. Jera sharhin daga mafi ƙarancin tauraro, sannan ka sake jera shi daga mafi sabo. Gareji mai 4.2 daga mutum ɗari da suka rubuta cikin shekara uku ya fi mai 5.0 daga mutum goma sha biyu da suka rubuta a mako guda. Taɓa sunan mai sharhin ka ga tarihinsa: in wannan ne kaɗai abin da ya taɓa rubutawa, ko kuma jiya ya yabi shagon gashi a wata ƙasa yau yana yabon gareji a Lapaz, ka ajiye shi gefe. Sharhin gaske yakan ambaci irin motar, shekararta, abin da ya lalace da yadda aka ƙare. Wanda ya fi daraja shi ne mai cewa "bayan wata shida". Sannan ka nemi ƙorafin da ke maimaituwa. Mutum ɗaya mai fushi ba hujja ba ne, amma mutum uku da ba su san juna ba su ce an riƙe musu takardu ko an hana su kafin alƙalaminsu, wannan hali ne. Amsar mai gareji ma abin karantawa ce: wanda ya ce a dawo da motar a duba ya bambanta da wanda ya hau zagi.

Lambar wayar da ke shafin ma a yi hattara da ita. Hukumar tsaron intanet ta Ghana ta sha gargaɗi cewa 'yan damfara na sa lambarsu a kan sunan kasuwancin gaske a Google. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ta waya, wato MoMo, "a riƙe maka" motar da ba ka gani ba, cinikin biri a sama yake so ku yi. Ana kai rahoton irinsu a lamba 292.

Abin da sharhi ya kasa faɗa, lambar shasi ke faɗa. Haruffa da lambobi 17 ne, suna ƙasan gilashin gaba ta wajen direba da jikin ginshiƙin ƙofa, kuma dole su zo daidai da na takardar kwastan. A motar Amurka, na goma a jerin shi ne shekara: E 2014, F 2015, G 2016, H 2017, J 2018. Da wannan ake kama tsohuwar da aka canja wa fitilu da bamba aka ƙara mata shekaru. Rubuta lambar a Google, sau da yawa hotunan kamfanonin gwanjon motoci na Amurka, Copart ko IAA, za su fito, ka ga motar yadda take kafin mai fenti ya taɓa ta, har da abin da mitar tafiyarta ke nunawa a ranar. In a gwanjo mil 140,000 ne yau kuma 70,000, magana ta ƙare. Rahoton tarihin mota na kamfanin Carfax zai ƙara maka bayani, shafin VINCheck na NICB, ƙungiyar yaƙi da zambar inshora ta Amurka, kuma kyauta yake nuna ko an ba da rahoton sace ta a Amurka. Kada a raina wannan: a ƙarshen 2022 EOCO, hukumar yaƙi da laifukan tattalin arziki ta Ghana, ta kwashe motocin alfarma daga wasu garejin Accra bisa zargin an sato su daga Amurka da Kanada. Motocin Koriya da na Dubai ba kasafai suke fitowa a wannan bincike ba, nan sai ido da makaniki.

Makanikin naka ne, ba wanda gareji ya kira ba. A tayar da injin da sanyinsa. Da an murɗa makulli, fitilar injin da ta jakar iska su kama, sannan su mutu. Wadda ba ta kama ba sam an cire ta ne ko an rufe. A jona na'urar OBD mai karanta laifukan da kwamfutar mota ta adana, in ta nuna gwaje-gwajen injin ba su kammala ba, to ba a daɗe da goge laifuka ko cire batir ba, sai a tambayi dalili. A zaro bel ɗin kujera har ƙarshe a nemi shatin ruwa, a ɗaga kafet, a leƙa ramin safaya ko da busasshen taɓo. Maganaɗisu da aka naɗe a ƙyalle ba ya kama inda aka cika fila a jikin ƙarfe.

Takardu su ne na ƙarshe, kuma nan ne sharhin da ka karanta zai yi maka rana, tunda yawanci a kansu ake kuka. Tabbatar a ofishin kwastan cewa an biya kuɗin fito, don motar da ta shigo ta Aflao, kan iyakar Togo, da izinin wucin gadi ta zarce wa'adi ana iya kama ta a hannunka. In mai rajista ce, ku je DVLA, hukumar rajistar motoci, tare da wanda sunansa ke kan takarda, kowa da Ghana Card ɗinsa, a yi canjin suna a ofis, ba a hannun 'yan kamashon bakin ƙofa da ake kira 'yan goro ba. Cikon kuɗin kuma ka riƙe shi sai an kammala canjin suna.