Hoton PSMA PET kafin tiyatar furostet

Wallahi duk wanda likita ya ce kansar furostet dinsa (wata gaba ce ta maza a karkashin mafitsara) mai hadari ce, ya tambayi hoton PSMA PET, wato hoton da ke nuna inda kansar ta yadu a jiki, kafin a shiga tiyata. Kawuna muka kai wata cibiya a Indiya, allura suka yi masa, ya jira kamar awa daya sannan aka shigar da shi na'ura, ba zafi ba komai, kuma hoton ya nuna ciwon ya taba kaluluwar kugu, abin da hoton CT bai gani ba. Hoton MRI gwani ne wajen duba furostet din kanta, amma yaduwa sai PSMA, binciken Ostareliya na 2020 ma ya ba shi kashi 92 cikin 100 wajen gano yaduwa daidai, CT hade da hoton kasusuwa kuma kashi 65. Tsada kam akwai ta, layi ma haka.